Ƙanƙara ta ɓata ɓari ɗaya na gidana a Amurka: inshora za ta canza duka, ko faci kawai za ta biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio. An yi ruwa da iska da ƙanƙara, suka ɓata ɓarin baya na rufin gidana, suka kuma farfasa falankin roba da ke lulluɓe da bangon yamma. Kamfanin inshora ya ce aikin na dala 11,500 ne, amma cek ɗin da ya aiko na dala 4,600 ne. Ɗan kwangila kuma ya ce sai an canza rufin gaba ɗaya da bango huɗu, domin an daina yin irin launin. Inshorar gidan ta dala 300,000 ce, rufin ya shekara 12. Cutata ake yi ko haka tsarin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri. Na yi aikin kimanta ɓarnar gidaje a yankin nan naku, kuma irin wannan rigima ita ce ta fi yawa bayan kowane hadarin ƙanƙara. A ganina, a kan bango kana da hujja mai ƙarfi. A kan rufi kuwa maganar ba ta kai yadda ɗan kwangilarka ya faɗa maka ba, sai an sake hawa an duba. Cek ɗin da ke hannunka kuma biyan farko ne, ba a rufe fayil da shi.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ya tayar maka da hankali. Ɗauko shafin farko na takardar inshorarka, wanda ke ɗauke da sunanka da adadin da aka yi wa gidan inshora. Nemi layin da ya yi maganar iska da ƙanƙara. Kamfanoni da yawa yanzu suna ware wa waɗannan biyun kason da mai gida zai ɗauka da kansa, kuma da kashi cikin ɗari suke lissafa shi. Inda mutane ke ruɗewa shi ne, daga darajar inshorar gidan ake cire kason, ba daga kuɗin gyara ba. Idan naka kashi 1 cikin 100 ne, to dala 3,000 ke nan daga 300,000. Cire 3,000 daga 11,500, saura 8,500. Tsakanin 8,500 da 4,600 akwai 3,900, kuma kusan tabbas wannan ragin tsufa ne: kamfani ya dubi shekarun rufin da na bangon, ya rage abin da suka riga suka ci na rayuwarsu. Rufin da aka ƙiyasta zai yi shekara 30, in ya yi 12, an ci kashi 40 cikin 100 ke nan.

Ko wannan 3,900 zai dawo hannunka ya dogara da haruffa uku. Idan takardarka ta ce RCV, wato kuɗin maye gurbin abu da sabo, to riƙe kuɗin aka yi. In ka gama aiki ka aika da rasit da hotuna, za a sake maka shi. Idan ta ce ACV, wato darajar abin a ranar da ya lalace, ya tafi ke nan. Ka lura sosai, domin akwai takardun da gidan gaba ɗaya yake kan RCV, amma an maƙala wani ƙarin shafi a baya da ya mayar da rufi kaɗai kan ACV, ko ya kawo jadawalin da ke rage kuɗin rufi kowace shekara. Sau da yawa a wasiƙar sabunta inshora ake shigo da wannan shafi, mai gida bai karanta ba, sai ranar da ƙanƙara ta sauka.

Yawancin masu gida a Amurka suna da takardar da ake kira HO-3 ko mai kama da ita. Alkawarin da ke cikinta shi ne biyan ɓarnar da ta sami ginin kai tsaye, wadda ido ke gani hannu ke taɓawa. Iska da ƙanƙara suna ciki. Tsufa, ruɓewa, rashin kula da aikin da aka yi ba daidai ba tun farko, duk ba sa ciki. Ambaliyar da ta taso daga ƙasa ma ba ta ciki, inshorarta dabam ce. Saboda haka jami'in da kamfani ya turo, ajasta, abu ɗaya yake yi a kan rufinka: yana raba abin da hadari ya yi da abin da shekaru suka yi. Duk abin da ya rubuta a ɓangaren shekaru, kai za ka biya.

Ga yadda ake duba rufi. Ajasta zai hau da alli, ya zana murabba'i mai ƙafa 10 a tsawo da ƙafa 10 a faɗi a kowane ɓari, sannan ya durƙusa yana shafa falle-fallen kwaltar da yatsa. Inda ƙanƙara ta buga da gaske, tsakuwar saman ta zube, wurin ya yi baƙi, in ka danna za ka ji ya yi laushi domin zaren da ke ciki ya karye. Kowane irin wannan sai ya kewaye shi da alli. Kamfanoni sun bambanta, amma galibi in an sami wajen 8 zuwa 10 a cikin murabba'i ɗaya, sai a amince a canza wannan ɓarin duka. In bai kai ba, sai a ƙirga fallayen da suka lalace a biya facinsu. Ɓarnar iska dabam take: falle ya tashi ya tafi, ko ya ɗaga ya lanƙwashe ya bar layin karaya a samansa. Kuma ba rufin kaɗai ake kallo ba. Indararo, murfin bututun iska, ragar taga, ƙarfen na'urar sanyaya ɗaki da ke waje, har akwatin wasiƙa, su ne ke nuna girman ƙanƙarar da inda ta fito. A Ohio hadari ya fi tasowa daga yamma ko kudu maso yamma, shi ya sa ba abin mamaki ba ne bangon yamma ya farfashe na gabas yana nan lafiya lau.

Saboda haka tambaya ta farko da za ka yi wa kamfani ita ce: an zana murabba'i a kowane ɓari, ko a na baya kaɗai? Ka nemi cikakken rahoton da hotunansa. In ba a duba ɓarin gaba da kyau ba, ka nemi a sake zuwa, kuma ɗan kwangilarka ya kasance a kan rufin tare da ajasta a ranar. Na sha ganin magana ta canza a wannan zuwa na biyu, domin mutum biyu sun tsaya a kan falle ɗaya suna nuna shi da yatsa.

Akwai kuma batun ko rufin zai karɓi gyara. Falle ɗaya ba ya fita shi kaɗai. Ƙusoshin layin da ke samansa sun ratsa ta cikinsa, dole a ɗaga na sama kafin a zare na ƙasa. Rufi mai sauran ƙarfi zai lanƙwasu ya koma. Wanda rana ta gasa ya bushe, kana ɗagawa yana tsagewa, ka gyara ɗaya ka ɓata biyu. In haka ta faru, faci ba gyara ba ne, kuma hujja ce ta canza ɓarin gaba ɗaya. Ɗan kwangila ya gwada a gaban ajasta, a ɗauki bidiyo, a rana mai ɗan ɗumi, domin a tsananin sanyi kowane rufi yana karyewa kuma kamfani zai yi watsi da gwajin. Rufi mai shekara 12 sau da yawa yana cin wannan jarrabawar, wato ya lanƙwasu bai tsage ba, don haka kada ka ɗora dukkan fatanka a kanta.

Yanzu ga inda ƙarfinka yake, wato dacewar sabo da tsoho. Kamfani zai ce bango uku ba abin da ya same su, kuma shi ɓarna kawai yake biya. Kai kuma za ka ce kafin hadari gidana launi ɗaya ne, in aka gama wannan gyara zai zama kamar babbar rigar shadda da aka yi wa hannu ɗaya da wani yadi, kuma duk mai saye zai gani ya rage kuɗi. Dukkan maganganun biyu suna da tushe, shi ya sa jihohi suka sa baki, kuma kowace jiha da nata hukuncin domin a Amurka jiha ce ke kula da harkar inshora.

Ƙungiyar kwamishinonin inshora ta ƙasar, NAIC, tana da samfurin ƙa'ida da ya ce idan abin da aka maye bai dace da sauran ba a inganci ko launi ko girma, kamfani ya canza abin da ya isa wurin ya zama bai ɗaya gwargwadon hankali. Jihohi da dama sun ɗauki wannan da ɗan sauye-sauye. Iowa, misali, ta taƙaita shi ga abin da ido zai iya gani a kallo ɗaya. Texas ba ta da irin wannan ƙa'idar, can sai abin da takarda ta faɗa. Ohio tana da tata, a kundin ƙa'idojin jihar, lamba 3901-1-54. Ta ce in abin da aka maye, a ciki ko a wajen gida, bai dace ba a inganci ko launi ko girma, kamfani ya canza gwargwadon abin da zai sa kamannin su yi kusa da juna yadda hankali zai karɓa. Ka rubuta wannan lamba a wasiƙarka. Amma ka san iyakarta: ba ta ce sai launi ya zo daidai ba ɗigo ba ƙari, kuma ba ta ba ka ikon kai ƙara kotu a kanta ita kaɗai ba. Hukumar inshorar jihar ce ke tilasta ta.

Kotuna ma sun yi magana. A 2014 kotun ƙolin jihar Minnesota ta yanke hukunci a shari'ar Cedar Bluff da kamfanin American Family. Ƙanƙara ta taɓa falankin bango a gine-gine 20, kaɗan ne daga cikin falankin suka lalace, amma an daina yin launin. Kotu ta ce alkawarin maye abu da mai kama da shi a kaya da inganci ya haɗa da launi mai dacewa, ta tabbatar da biyan canza falankin duka. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Chicago ta yi makamancin haka a shari'ar Windridge ta garin Naperville: hadari ya ɓata bangon kudu da na yamma, ba a sami irin falankin ba, kotu ta ce a canza huɗun. Waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure alƙalin Ohio ba, kuma akwai kotunan da suka ba kamfani gaskiya a wasu wurare. Amfaninsu a gare ka shi ne ka san abin da kake nema ba kwaɗayi ba ne, magana ce da manyan kotuna suka saurara suka karɓa.

Kafin ka yi nisa, sake komawa ƙarin shafukan da ke bayan takardarka. Bayan irin waɗannan shari'u, kamfanoni da yawa sun shigo da sharaɗin da ya ce ƙarara ba za su biya kuɗin canza abin da bai lalace ba don kawai launi ya dace. Wasu kuma suna sayar da wannan kariyar dabam da ɗan ƙarin kuɗi, da iyakar abin da za su biya. Akwai kuma sharaɗin da ke cire ɓarnar da ta taɓa kyan gani kawai, kamar lotsawar rufin ƙarfe da bai huje ba. Naka falankin fashewa ya yi, ruwa zai shiga, don haka wannan na ƙarshen bai kamata ya shafe ka ba. Na farkon kuwa in yana cikin takardarka, rigimar ta yi nauyi, kuma a nan ne zan ce ka nuna wa lauya ko ka tambayi hukuma ko sharaɗin ya tsaya a gaban ƙa'idar jihar.

Cewar ɗan kwangila “an daina yin irinsa” ba ta isa ba, kamfani ba zai biya dala ɗaya a kan maganar baki ba. Abin da ake yi shi ne a zare falanki ɗaya daga bangon da ya lalace. Juya shi ka duba gefen sama inda ramukan ƙusa suke, sau da yawa akwai lambar masana'anta a buge a wurin. Sai a aika da guntunsa zuwa ɗakin gwaji. Wanda kamfanonin inshora suka fi amfani da shi shi ne ITEL da ke Jacksonville a Florida. Rahoton zai faɗi wanda ya ƙera shi, faɗin kowane layi, kaurinsa, zanen fuskarsa, da ko akwai irinsa ko mai kama da shi a kasuwa. In rahoto ya ce babu, ka riƙe takarda mafi daraja a fayil ɗinka. In ya ce akwai mai kama, kada ka yi gardama da baki. Sayo falanki ɗaya na wanda suka ambata, ka maƙala shi a jikin tsohon, ka ja baya zuwa bakin titi ka ɗauki hoto da safe da kuma yamma. Ka gwada ko bakinsa na ƙasa yana kama na tsohon ya kulle, domin falankin masana'antu biyu suna iya yin kama a ido amma su ƙi shiga juna. Wanda bai kulle ba iska ta gaba za ta ɗauke shi, kuma wannan hujja ta fi ta launi ƙarfi.

Ka shirya jin tayi na tsaka-tsaki. Za su iya cewa a canza bangon yamma da wanda ke haɗe da shi a kusurwar da ake gani daga titi, a bar sauran. Za su iya cewa a cire tsofaffin falanki masu lafiya daga bangon da za a sabunta a toshe wasu wurare da su. Wani lokaci wannan adalci ne, musamman in akwai bangon da ba a taɓa ganinsa tare da sabon. Tsaya a kowace kusurwa ta filinka ka duba da idonka. Duk inda sabo da tsoho za su haɗu a kallo ɗaya, nan ne za ka dage. Fenti a kan roba kuwa ni ba na ba da shawarar karɓarsa: ka sayi abin da ba ya buƙatar fenti, kada a mayar maka da wanda za ka riƙa shafawa duk bayan ’yan shekaru.

A kan rufi maganar dacewa ta fi rauni, kuma gara ka ji daga gare ni. Ɓarin baya da na gaba sun rabu a ƙololuwa, mai tsaye a ƙasa ba ya ganinsu tare, don haka kamfani yana da bakin cewa kamanni bai ɓaci ba. Inda za ka sami ƙofa shi ne in rufinka mai ɓari huɗu ne da ke haɗuwa a kusurwa ana ganin biyu lokaci ɗaya, ko in girman fallen ya bambanta. Tsohon awo inci 36 ne a tsawo da 12 a faɗi, sabon da ya fi yawa yanzu ya ɗan fi haka, kuma ba a saƙa su cikin layi ɗaya su zauna daidai. Wannan ma gwajin samfuri ne zai tabbatar.

Wani kuɗin da ake yawan mantawa shi ne na cika dokar gini. In za a buɗe ɓari guda, hukumar gari tana iya buƙatar abin da tsohon rufin ba shi da shi, kamar shimfiɗar da ke hana ruwan ƙanƙarar hunturu komawa ciki ta bakin rufi, ko ƙarfen da ake sawa a gefe don ruwa ya ɗiga waje. Takardar da aka fi amfani da ita tana ware kashi 10 cikin 100 na inshorar gini don wannan, wato dala 30,000 a wurinka in haka taka take. Ba a biyansa sai an nema, an nuna sashen dokar, kuma galibi sai an yi aikin. Ɗan kwangila ya jera waɗannan layi-layi. Ƙiyasin kamfani da manhajar Xactimate aka fi yin sa, kowane aiki da layinsa da awonsa da farashinsa. In naka ɗan kwangilar ya kawo jimla ɗaya a kan takarda, ba wanda zai saurare shi. In ya bi layi-layi ya nuna abin da aka tsallake, kamar kwashe tsohon rufi, zubar da shara, takardar da ke bayan falanki, cire fitilu da mayar da su, sai a biya ƙarin ba tare da hayaniya ba.

Ina roƙonka ka yi hattara da masu ƙwanƙwasa ƙofa bayan hadari. Akwai na kirki a cikinsu, akwai kuma waɗanda ke bin ƙanƙara jiha-jiha, in rufi ya fara yoyo baɗi ba za ka same su ba. Duk wanda ya ce zai yafe maka dala 3,000 ɗinka, to zai rubuta wa kamfani rasit da ya fi abin da ka biya, kuma sunanka ne a kan neman diyyar. Wannan zamba ce a doka, Texas ma ta yi doka ta musamman a kanta a 2019, kuma kai ka san hukuncin cin dukiya da ƙarya ba sai na faɗa maka ba. Haka wanda zai hau rufi ya ƙara ɓarna da hannunsa. Alamar guduma ba ta kama da ta ƙanƙara, ana ganewa, kuma in aka gane kamfani yana iya soke neman gaba ɗaya har da na gaskiyar. Kada ka sa hannu a takardar da ta miƙa wa ɗan kwangila haƙƙinka na karɓar kuɗin inshora. In ka riga ka sa hannu a kwangila a ƙofar gidanka, galibi doka ta ba ka kwana 3 na aiki ka janye.

A halin yanzu nauyin hana ɓarna ƙaruwa yana kanka. Sa a rufe wurin da ya buɗe da tamfol, a toshe fasassun falanki, ka ajiye rasit domin ana biya. Kada ka zubar da ko guntu ɗaya na abin da ya karye. Ka samo rahoton hadarin ranar daga hukumar yanayi ta ƙasa. Ofishinta na garin Wilmington da ke Ohio ne ke kula da Columbus, kuma rahoton yana nuna girman ƙanƙarar da aka gani a yankin.

In ka aika da rahoton gwaji da hotuna da ƙiyasi layi-layi suka ƙi, ka nemi su rubuta maka dalili, su ambaci sashen takardar da suka dogara da shi. Duk maganar waya ka bi ta da imel. Ƙa'idar Ohio ta ba kamfani kwana 21 bayan ka miƙa cikakkiyar shaidar asara ya amsa ko ya ƙi, ko ya bayyana dalilin neman ƙarin lokaci. Kai kuka ga hukumar inshora ta jihar kyauta ne, kuma dole kamfani ya ba ta amsa. Sannan takardarka kusan tabbas tana da sashen sasanci kan adadin kuɗi: kai ka ɗauko mai kimantawa, kamfani ya ɗauko nasa, su biyun su zaɓi na uku mai raba gardama, abin da biyu daga cikin ukun suka sa wa hannu ya zauna. Kai za ka biya naka da rabin kuɗin na ukun, don haka sai tazarar ta yi girma yake da amfani. Tazarar da ke tsakanin kuɗin bango ɗaya da na bango huɗu ta kai wannan girman. Akwai kuma ajasta mai zaman kansa da ke yi wa mai gida aiki, yana ɗaukar kaso daga abin da aka samu. Ka tabbatar yana da lasisin jihar, ka kuma lissafa kasonsa kafin ka sa hannu.

Lokaci yana gudu ta fuska biyu. Takardarka ta sa wa'adin kai ƙara kotu, a wasu shekara 1 daga ranar hadari, a wasu 2, kuma musayar wasiƙu ba lalle ta tsayar da shi ba. Ta kuma sa wa'adin neman kuɗin tsufa da aka riƙe; a daidaitacciyar takarda kwana 180 ne ka sanar da su niyyarka, wasu kamfanoni kuma suna son a gama aikin cikin wani lokaci. In rigimar launi za ta ja, rubuta musu tun yanzu ka nemi ƙarin wa'adi.

Cek ɗin 4,600 kuwa, duba gabansa da bayansa da wasiƙar da ta zo da shi. In babu inda aka ce biyan ƙarshe ne ko ka yafe sauran haƙƙinka, karɓarsa ba ya hana ka neman ƙari. In gidan yana kan bashin banki, za ka ga sunan bankin tare da naka a jiki, sai sun sa hannu kafin ya shiga asusunka, wani lokaci ma su riƙe kuɗin suna saki kashi-kashi yayin da aiki ke tafiya. Kira sashensu na kuɗin diyya tun wannan makon ka ji takardun da suke so, domin wannan matakin kaɗai yana iya cin makonni.